Kwana Tara Agali Yana Amsawa

Samarin da ke gyaran salula a bakin tashar Tanut suna girmama ni, amma ba su yarda na taɓa yin aiki mai wuya ba. In na zauna a rumfarsu, sai in ga mutum ya kawo waya ta ƙi kama wifi, a danna sau uku, a miƙa masa. Ɗayansu ya ce mini, "Baba, yanzu ai kowace waya tana jin kowace waya. Ku me kuka share shekara ashirin kuna yi?" Ban ba shi amsa a gaban mutane ba. Ga amsar a rubuce, daki-daki.

Ku ɗauki kwalin kowace waya ku juya bayansa. Za ku ga ƙananan alamomi a jere. Ɗaya daga ciki tana nufin abu biyu. Na farko, masu ƙera na'urori a ƙasashe dabam-dabam sun zauna sun amince da hanya guda ta yin magana a iska. Na biyu, wani mutum ya ɗauki irin wannan waya ya gwada ta da ta wasu, ya ga suna jin juna, sannan ya yarda a buga alamar. Ba ku taɓa ganin mutumin nan ba. A Damargu, a zamanin da nake ba ku labari, ni ne shi.

Na shiga aikin wayar iska a farkon shekarun saba'in, da satifikar firamare kawai. Wayar iska akwatin ƙarfe ce mai nauyi, da batirin mota a ƙarƙashinta, da eriya a miƙe tsakanin dogayen itatuwa biyu. Akwai ɗaya a biro ɗinmu, wato ofishinmu na Tanut, ɗaya a Belbeji, ɗaya a Tarka, sauran suna ƙananan gidajen likita da rijiyoyin inji na cikin daji. Maigidana Sarja Bukar ne, tsohon soja, wanda ya yi aikin waya tun yana cikin kaki. Wata shida bai bar ni na taɓa ko tunabis na kwance ƙusa ba. Ya zaunar da ni gaban akwati ya ce in saurara.

"Iska ma burtali gare ta," in ji shi. "Kowa da nasa. Ka san namu tukuna, kafin ka afka gonar jandarma."

Na saurara. Da tsakar rana, in gari ya yi tsit, akwatin yana yin wani shuu kamar ruwan sama yana sauka a kan gero can nesa. In ka juya maɓallin a hankali, muryoyi suna tasowa daga cikin shuu ɗin, su ɗan tsaya, su nutse. Wani yana ƙirga lambobi da Faransanci. Wata mata tana dariya da yaren da ban taɓa sanin sunansa ba. Wani lokaci matuƙin jirgi ne, yana wucewa ta samanmu, bai san akwai Tanut ba. Nakan duba ta taga in ga fili fetal, rairayi da kawalwalniya da akuya ɗaya a gindin aduwa, alhali sararin da ke kanta cike yake da mutane suna ta magana. Har yau in na ga fili babu kowa ban yarda babu kowa ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Awo mai allura, tunabis uku, ƙarfen liƙi da ake ɗumamawa a garwashi, littafi mai layi, da wani ɗan awartaki mai lamba a bakinsa. Wannan awartakin shi ne sana'ar. In an gama duba akwati, ana zura siririyar waya a murfinsa, a sa ƙwayar dalma, a matse. Lambar ta fito a jikin dalmar. Duk wanda ya gan ta ya san akwatin nan ya halatta ya yi magana, kuma za a ji shi. Shi ya sa mutane suka daina kiran sunana, suka koma ce mini Mai Dalma.

Kafin dalma akwai mataki huɗu, kuma a jere ake bin su.

Na ɗaya, dutse. A cikin kowane akwati akwai ɗan dutse kamar ƙwayar gishiri, a rufe cikin kwanson ƙarfe. Shi ke sa akwati ya bi burtali kaza. In dutsenka da nawa ba iri ɗaya ba ne, ko muna ɗaki guda ba za mu ji juna ba. Na biyu, yadda akwatin ke ɗaukar murya. Wasu ƙasashe suna ƙera shi ta wata hanya, wasu ta wata, in aka haɗa su sai ka ji mutum yana kuka kamar agwagwa. Na uku, ƙarfi, kada ya yi yawa ya malala cikin burtalin wasu. Na huɗu, a kai akwatin inda zai zauna, a kafa shi, ya kira tasha uku, su ji shi, ya ji su. A can ake matsa dalma, ba a biro ba.

Akwati na farko da na duba ni kaɗai na wata ungozoma ne, a wani ƙaramin gidan likita gabas da mu. Wasu baƙi masu aikin taimako ne suka ba ta. Ta aiko da takarda cewa kullum tana kira, kuma ana amsa mata, amma masu amsawar ba su san Tanut ba. Na je a bayan motar kasuwa, na buɗe murfin, na tarar da dutsen wata ƙasa a ciki. Mako uku tana gaisawa da wasu mutane a cikin jirgin ruwa, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba. Na canza dutsen, na bi mataki huɗu, na matsa dalma. Ta ce, "To, Mai Dalma, ka raba ni da mutanena. Sun fi ku gaisuwa."

Kira sau biyu ne a rana, ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe huɗu na la'asar. A tsakani kowa yana kashe akwatinsa don batir. Tanut ke buɗewa, ta kira tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke wurinsa ya ce "gare ka". Mai akwatin Tarka sunansa Idi, mutum mai baki. Tagar ɗakinsa kullum cike take da makiyaya, Fulani da Buzaye, sun jingina da sanduna suna jiran a kai ga rijiyoyin inji. Abu ɗaya suke son ji: wace rijiya ke ba da ruwa. Da wannan maganar suke juya garke.

Yanzu shekarar tamanin da huɗu. Ba sai na gaya wa ɗan Damargu yadda ta kasance ba. Damina ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ƙananan rijiyoyin kwarin Tarka suka fara ba da laka. Sarja Bukar ya riga ya yi ritaya, amma kullum yana zuwa ya shimfiɗa buzunsa a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar biro, yana kallon kurakuraina.

Arewa da Tarka, tafiyar kwana uku ga shanu, akwai wata rijiya mai zurfi da muke kira Rijiyar Inji. Babu ruwa a tsakani. Mai kula da ita wani Buzu ne, Agali, yana zaune can da matarsa da ƴaƴa uku. Wata rana da hantsi ya sauko daga bayan kamiyon, babbar motar da ke kai musu gazuwal, wato man inji, rungume da akwatinsa.

"Mai Dalma, ga gawar abokinka."

"Me ka yi masa?"

"Ni? Ya yi tari sau biyu, ya yi hayaƙi, ya cika da imani."

Na buɗe. Ya ƙone ƙurmus, babu abin gyarawa. A sito kuwa muna da sabon akwati guda, kore, marar nauyi, cikin kayan taimakon da aka aiko a shekarar. Takardarsa tana da hatimi uku na ƙasar da ta ƙera shi. Bambancinsa da namu ɗaya ne. Namu eriyarsu hannu biyu gare ta, ba ruwanta da ƙasa. Shi wannan waya ɗaya ce ke hawa sama, sai wata ta sauka zuwa wani ƙarfe da ake kafawa a ƙasa. A bayan ɗakin aikinmu akwai irin wannan ƙarfe, Sarja ya kafa shi tun kafin in zo, don gwaji. Na haɗa sabon akwatin da shi. Na canza dutse. Na duba murya. Na auna ƙarfi. Da la'asar na kira Belbeji da Tarka da wani gidan likita, duka suka ce kamar ina zaune a gabansu.

Kamiyon zai juya a yammacin nan, kuma ba zai sake zuwa ba sai bayan wata guda. Na shiga wurin Shef, shugaban biro, na ce saura mataki na huɗu.

"Ba ni da gazuwal ɗin da zan kai ka in dawo da kai," in ji shi. "Duk motoci suna ɗaukar hatsi. Waɗanda suka ƙera shi sun buga hatimi uku. Naka ne zai fi nasu?"

Ba zan ɗora masa laifi ba. Awartakin a hannuna yake. Na koma ɗaki, na cika layi na huɗu a littafi, na matsa dalma. Na nuna wa Agali yadda zai miƙa wayar sama, da yadda zai buga ƙarfen a ƙasa har ya nutse. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Ranar da ya kamata ya fara kira, na kai layinsa. "Rijiyar Inji, Rijiyar Inji, Tanut ke kira. Gare ka." Shuu. Na sake. Shuu. Na wuce zuwa ta gaba. Da la'asar haka. Washegari haka. Shiru ba baƙon abu ba ne a aikinmu. Batir yakan mutu, iska takan tsinka eriya, mutum yakan bi raƙuminsa da ya ɓace. Muka ce batir ne. Kullum ina kiran sunansa sau biyu, in saurari ruwan saman nan da ba ya sauka, in wuce.

A kwana na takwas Idi ya ce yana da magana.

"Tanut, Ardo Bammo yana tagata, ya hana ni shan iska. Rijiyarsu ta ƙafe. Shanunsa tafiya ɗaya ta rage a ƙafarsu, ko arewa wurin Agali, ko kudu wajen Falanko inda aka ce garke ya yi yawa. Yana tambaya, injin yana aiki? Gare ka."

Na ce ban ji Agali ba tun da ya koma.

"Wasu masu raƙuma sun ce sun sha a can mako guda da ya wuce. Ardo ya ce ba akwatinka mai dalma ne a can ba? In da injin ya tsaya ai da an faɗa. Gare ka."

Na ce abin da na sani ke nan, ban san ƙari ba. Washegari da safe Idi ya ce Ardo ya shayar da shanu abin da ya samu, ya ɗau hanyar arewa tun da asuba, da mata da yara da jakuna.

Ranar da azahar na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki, inda muke alwala. Sarja ya riga ni, yana tsugune yana wanke ƙafa. Ruwan yana gangarawa yana shiga gindin ƙarfen gwaji. Wurin baƙi ne, da danshi, har da ɗan tsiron ciyawa, a shekarar da babu kore ko ɗaya a Tanut. Na tsaya da buta a hannu ina kallo.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shekara goma sha biyu kana alwala a nan. Ka taɓa tambayar abin da ya sa na kafa shi a nan, ban kafa shi a gaba ba?"

"Ban taɓa ba, Sarja."

"Irin akwatin nan da ƙafa biyu yake tsayawa, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ƙasar kuma sai mai danshi. A garin waɗanda suka ƙera shi, ko'ina ka soka ƙarfe laima ce. A rairayin Agali fa?" Ya zuba sauran ruwan butar a gindin ƙarfen. "Zai ji kowa. Shi ne ba mai jin sa. Wa ya matsa masa dalma?"

"Ni ne."

"A ina?"

Na nuna ɗakin. Ya miƙe ya tada salla.

Ƙarfe huɗu na buɗe kira, amma ban bi layi ba, karo na farko tun da na fara aiki. Na ce duk tashoshi su yi shiru, kowa ya bar akwatinsa a kunne. Sannan na yi magana da mutumin da ban san ko yana wurin ba.

"Agali, Tanut ce. Ina zaton kana ji na. Laifin ba naka ba ne, ba na batir ba ne. Ka yi abin da zan faɗa, a jere. Na ɗaya, ka tona rami kewaye da ƙarfen da ka kafa, zurfin kamu guda. Na biyu, ka farfasa gishirin dabbobi ka zuba a ciki. Na uku, ka kawo ruwa, salka guda cur, ka zuba a hankali, ka bar ƙasa ta sha. Na huɗu, ka kira ni. Ba zan kashe ba."

Na maimaita sau uku. Ban san ko yana da ruwan ba. In injin yana aiki, salka guda ba komai ba ce. In ba ya aiki, to na san abin da na roƙa.

Muka jira. Sarja ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, Shef ya tsaya a bayansa. Na san a Belbeji da Tarka da kowane gidan likita akwai mutum zaune gaban akwati kamar ni, da wasu a taga, duk Damargu ta kasa kunne ga shuu guda. Hasken la'asar ya rarrafa a kan tebur ya hau jikin littafi. Sau biyu na ji kamar murya, ashe wata tasha ce ta ƙasa mai nisa ta ratso ta wuce. Allurar batir ta fara sauka. Rabin awa ta wuce, aka doshi awa.

Sai wani abu ya motsa a can ƙasan shuu ɗin, siriri, kamar mutum yana magana daga cikin rijiya.

"Tanut... inji ya mutu, kwana huɗu. Babu ruwa. Ku mai da Ardo. Ku mai da shi."

Kafin in danna maɓalli muryar Idi ta shigo daga Tarka, ya karya doka. "Na ji, na ji. Ga raƙumi nan a ƙofa."

Mai raƙumin ya cim ma garken washegari da hantsi, kwana ɗaya da ɗoriya daga Tarka, inda juyawa take yiwuwa. Suka juya kudu. Ardo Bammo ya rasa shanu da yawa a shekarar, kamar kowa. Amma bai kai su bakin busasshen kwamin shan ruwa ba, da kwana uku na ƙishirwa a bayansu da wasu ukun a gabansu, kuma da abin da ya rage ya sake tada garke.

Shef ya samo gazuwal a ranar da muka ji Agali. Muka tashi da makaniki da ganga biyu na ruwa, muka isa a yini na biyu. Wurin babu kowa, duk masu dabbobi sun watse tun da injin ya tsaya. Agali ya taryo mu, fuskarsa a naɗe da rawani, idanu kawai. Ya kai ni wurin ƙarfen. Ramin ya bushe, gishiri ya yi fari a bakinsa.

"Kwana tara kana kiran sunana, ina cewa na'am," in ji shi. "Safe da yamma. Ina jin Idi yana tari. Na ji Ardo ya tashi. Na yi ihu a cikin abin nan har yara suka tsorata, kai kuma ka ce, Rijiyar Inji shiru, ka wuce."

Na tambaye shi ruwa nawa ya rage musu a ranar.

"Salka biyu. Rijiya mafi kusa yini da rabi ce a jaki." Ya nuna bukkarsu da haɓa. "Uwar yara ta riƙe bakin salkar. Ta ce muryar cikin akwati ce za ta shanye ruwan ƴaƴanta? Na ce yaran Ardo sun fi namu yawa. Ta daɗe ba ta saki ba. Da ta saki, ita ta zuba da kanta, wai ni hannuna gaggawa gare shi."

Matar ta fito da ƙwarya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kai ne mai shan salka?" Na ce ni ne. Ta miƙo mini ƙwaryar. Ruwan ɗumi ne, mai warin fata, daga gindin salka ta biyu. Gangunanmu suna kan mota ba a sauke ba tukuna. Na sha.

Sannan na yi aikin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki tunabis na tsinke dalmar da na matsa a Tanut. Tana aljihuna har yau, samarin tasha suna iya zuwa su gani, lambata ce a jiki. Na zo da doguwar wayar jan ƙarfe, na ja ta taki sittin daga ɗakin akwati zuwa bakin rijiyar, na kankare bututun ƙarfen da ya nutsa har cikin ruwa, na ɗaure ta tam. Ruwan da ya ƙi hawowa a sha, yana can ƙasa cikin duhu, shi zai riƙa ɗaukar murya. Makaniki yana kwance ƙarƙashin injinsa, ni ina zaune gaban akwati da littafi a cinya, na soke layi na huɗu, na buɗe sabo.

Ƙarfe huɗu na kira Tarka. Idi ya ce, "Wa nake ji haka kamar liman? Agali ne ya koyi Hausa?" Na rubuta. Na kira Belbeji, suka ce sarai. Na rubuta. Saura ɗaya. Ban san wa Shef ya zaunar a kujerata ba.

"Tanut, Tanut, Rijiyar Inji ke kira. Gare ka."

Shuu ɗin ya ɗan daɗe. Sannan na ji kujerar tana ƙara, da numfashin tsoho kusa da abin magana.

"Rijiyar Inji, na ji ka," in ji Sarja Bukar. "A ina kake zaune?"

"A gaban akwatin, Sarja. Inda zai zauna."

"To, yanzu matsa dalmarka."